Lafiyar baki a shekarun tsufa: abubuwan da ke sa dattijo ya tsufa da haƙoransa

A majalisun dattawa da ke tsofaffin unguwannin Bauchi, irin su Jahun da Kobi da Nasarawa, an saba ganin tsoho ya zaro magogi daga aljihu ya goga goro kafin ya kai baki, domin haƙoran taunarsa sun ƙare. Sabon da aka yi da haka ya sa jama'a da dama suna ɗaukar giɓi a matsayin abin da tsufa ke zuwa da shi dole, kamar furfura. Ilimin likitancin haƙori bai goyi bayan wannan ɗauka ba. Haƙori ba ya fita don mai shi ya cika shekara 70. Cuta ce ke fitar da shi, galibi ciwon dasashi ko ruɓewa, waɗanda suka daɗe suna aiki a hankali ba a kula da su ba, kuma duka biyun ana iya kare su, ana iya tsayar da su idan an tare su da wuri.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Nuwamban 2022 kan lafiyar baki ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma uku cikin huɗu daga cikinsu suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Kimanin mutum biliyan ɗaya na da ciwon dasashi mai tsanani. Hukumar ta kuma nuna cewa kimanin kashi 23 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama ba su da haƙori ko ɗaya a baki. Shekara 60 ita ce ma'aunin da manufar Najeriya kan tsufa, wadda aka amince da ita a 2021, ta ɗauka a matsayin farkon shekarun dattako.

Baligi yana da haƙora 32. Masana sun daɗe da yarda cewa wanda ya riƙe nasa guda 20 zai iya tauna yawancin abinci, ya yi magana sosai, ba tare da ya nemi na roba ba. Wannan adadi shi ne mizanin da ake auna nasarar kula da bakin dattawa da shi a ƙasashe da yawa.

Abin da shekaru ke yi wa baki

Akwai sauye-sauyen da shekaru ke kawowa da gaske. Farin rufin haƙori yana sirancewa saboda tauna ta shekara da shekaru, launinsa ya koma rawaya-rawaya, jijiyar da ke cikinsa kuma ta ƙanƙance. Wannan na ƙarshe yana da haɗari, domin rami zai iya yin zurfi a haƙorin dattijo bai ji zafin da yaro zai ji ba.

Babban abin da ke raba dattawa da haƙoransu shi ne ciwon dasashi. Mafarinsa wata farar dauɗa ce mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, da ke taruwa kullum a inda haƙori ya haɗu da dasashi. Idan ba a goge ta ba, cikin 'yan kwanaki takan fara daskarewa ta zama tsatsa mai tauri wadda burushi ko asuwaki ba sa iya kankarewa. Dasashi sai ya kumbura, ya riƙa zubar da jini in an taɓa shi. A wannan mataki ciwon yana warkewa sarai idan an tsabtace baki. Idan aka bar shi, kumburin zai gangara ya cinye ƙashin muƙamuƙi da ke riƙe da saiwar haƙori, haƙoran su yi kamar sun ƙara tsawo, su fara girgiɗi, daga bisani su fita ko a cire su. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Ciwon yana iya shekaru ba tare da zogi ba; alamunsa na farko su ne jini a jikin asuwaki da warin baki.

Na biyu shi ne ruɓewar saiwa. Idan dasashi ya ja baya, saiwar haƙori takan fito fili, ita kuwa ba ta da farin rufin da ke kare saman haƙori. Tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa bayan sun ci sukari yana cin ta da sauri fiye da yadda yake cin saman. Shi ya sa ake samun mutumin da bai taɓa yin ramin haƙori ba a ƙuruciya, amma ya fara yi bayan ya haura 60.

Tsabtar yau da kullum

Abu na farko cikin masu kiyaye baki shi ne cire dauɗar nan kowace rana. A Bauchi, kamar sauran ƙasar Hausa, dattawa sun gaji abin da ke taimaka musu a nan, wato asuwaki, wanda addinin Musulunci ya kwaɗaitar da yi, musamman lokacin alwala da salla da tashi daga barci. Ana yin sa da icen arak da ake kawowa daga ƙasashen Larabawa, ko darbejiya, ko marke, kuma ana samun sa a bakin masallatai da kasuwannin Wunti da Muda Lawal. Gwaje-gwajen da aka yi na kwatanta shi da burushi sun nuna cewa yana iya cire dauɗa sosai a hannun wanda ya iya amfani da shi.

Sai dai yana da iyaka. Gashinsa yana miƙe ne da sandar, saboda haka yana da wuya ya kai bayan haƙora ta ɓangaren harshe da kuma can ƙuryar baki, inda ciwon dasashi ya fi farawa. Wasu kuma suna dirza shi da ƙarfi gefe zuwa gefe a haƙoran gaba na tsawon lokaci, abin da ke tura dasashi baya ya sassaƙe wuyan haƙori. Hanyar da ta dace ita ce a tauna kan har ya yi laushi, a riƙa shafawa daga dasashi zuwa bakin haƙori, ciki da waje, a yanke kan da ya tsufa, a kuma wanke shi a bar shi ya sha iska maimakon a jefa shi aljihu da danshi.

Abin da asuwaki ba zai maye gurbinsa ba shi ne man goge baki mai sinadarin fuloraid, wanda jama'a ke kira makilin. Fuloraid yana mayar wa haƙori ma'adinan da tsami ya zare, ya kuma ƙara masa juriya. Wanda ya dace da manya shi ne mai kashi 1,000 zuwa 1,500 cikin miliyan, kuma ana rubuta adadin a jikin kwali. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka irin wannan man a jerinta na muhimman magunguna. Ƙa'idar amfani da shi ita ce sau biyu a rana, na minti biyu, da burushi mai laushi, ɗaya daga ciki kafin kwanciya. Bayan an gama a tofar da kumfar kawai, kada a kurkure da ruwa nan take, don sinadarin ya daɗe a jikin haƙori. A sauya burushi duk bayan wata uku, ko da zarar gashinsa ya baje. Babu saɓani tsakanin hanyoyin biyu: burushi safe da dare, asuwaki a tsakani. Mai azumi zai iya yin burushi bayan sahur da kuma kafin barci.

Tsakanin haƙora ma yana bukatar kulawa, domin a bakin dattijo wuraren sukan buɗe su riƙe nama da ganye. Zaren sakace ko ɗan siririn burushin da aka yi don haka sun fi tsinke, balle allura ko ashana, waɗanda ke raunata dasashi. Gawayi da toka da gishiri da wasu ke dirzawa don neman fari suna kankare rufin haƙori, su bar shi yana tsami idan ya ji ruwan sanyi.

Wani bayani ya dace a nan. A wasu yankunan da ke maƙwabtaka da Bauchi, kamar Langtang a Filato da Kaltungo a Gombe, ruwan ƙasa yana ɗauke da fuloraid fiye da miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata, kuma waɗanda suka tashi da shan sa sukan yi haƙora masu dabbare-dabbaren ruwan ƙasa. Wannan tabo a ƙuruciya yake samuwa, lokacin da haƙora ke ginuwa. Man goge bakin da babba ke tofarwa ba ya jawo shi, kuma dirza ba ta fitar da shi.

Yawu da ruwan sha

Baki mai lafiya yana samar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a rana. Yawu yana wanke ragowar abinci, yana kashe kaifin tsami, yana ɗauke da ma'adinan da ke gyara haƙori, kuma shi ke sa loma ta wuce. Idan ya ragu, ruɓewa takan bazu cikin 'yan watanni, harshe ya riƙa raɗaɗi, farin ƙurajen baki su samu wurin zama, haɗiya ta yi wuya.

Babban dalilin bushewar baki a wurin dattawa shi ne magunguna. Ɗaruruwan magunguna suna rage yawu, daga cikinsu akwai wasu na hawan jini, musamman masu sa yawan fitsari, da na mura da ƙaiƙayi masu sa barci, da wasu na ciwon damuwa da na matsalar mafitsara. Wanda ke shan iri uku ko huɗu a rana ya fi shiga wannan hali. Ciwon sukarin da bai daidaita ba shi ma yana busar da baki. Yanayin Bauchi yana ƙara wa abin nauyi: busasshiyar iskar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hanci ke toshewa mutum ya kwana baki buɗe, sannan zafin bazara na Maris zuwa Mayu. Ga shi kuma jin ƙishirwa yana raguwa da shekaru, har dattijo ya wuni bai nemi ruwa ba.

Abin da ke taimakawa shi ne kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, da ajiye kofi kusa da shimfiɗa da dare, da tauna cingam marar sukari ga mai iyawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsotsar alawa ko minti don jiƙa maƙogwaro, wanda ke jiƙa haƙora da sukari wuni guda a bakin da ba shi da yawun da zai kare su. Bai halatta mutum ya dakatar da maganin hawan jini da kansa saboda bushewar baki ba. Likita ne zai duba ko za a sauya iri ko lokacin sha.

Abinci da sukari

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12, kuma ya fi kyau a tsaya a rabin haka. Zuma tana cikin wannan lissafi. Kwalbar lemo ɗaya za ta iya ƙunsar fiye da rabin adadin. Idan aka haɗa da sukarin da ake zubawa a shayi da koko da kunu da fura da zoɓo, mutum zai wuce iyaka tun kafin azahar. Dokar kuɗi ta 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai sukari a Najeriya, amma sukarin da ake zubawa a gida da teburin mai shayi yana hannun mai sha ne.

Ga haƙori, yawan lokutan da sukari ke shiga baki ya fi yawan sukarin muhimmanci. Duk lokacin da aka kurɓi abu mai zaƙi, tsami yakan yi aiki a jikin haƙori na kusan rabin sa'a ko fiye kafin yawu ya rinjaye shi. Wanda ya sha shayi mai sukari sau ɗaya tare da karin kumallo ya fi aminci a kan wanda ya raba kofi guda yana kurɓa daga hantsi zuwa la'asar. Abubuwa masu tsami, kamar tsamiya da lemon tsami, suna tausasa rufin haƙori na ɗan lokaci, don haka a kurkure da ruwa bayan an sha, a jinkirta burushi na rabin sa'a.

Alaƙar abinci da haƙori tana tafiya ta ɓangare biyu. Dattijon da ya rasa haƙoran tauna yakan bar nama da gyaɗa da ganye, ya koma koko da burodi da shayi. Jiki sai ya rasa abinci mai gina shi a daidai shekarun da tsoka ke zubewa, sukari kuma ya ƙaru a kan sauran haƙoran. Girkin gida yana da maganin wannan: dambun nama, kifi, ƙwai, alala, faten wake, awara, kindirmo da nono marasa sukari, miyar kuka da ta zogale da alayyafo, da 'ya'yan itace masu laushi irin su gwanda da kankana da ayaba. Masar da aka san Bauchi da ita, idan an haɗa ta da miyar taushe da naman da ya nuna luguf, abinci ne da mai ƙarancin haƙori zai ci ya ƙoshi. Fasa ƙashi ko goruba ko buɗe kwalba da haƙori kuwa yakan tsaga haƙorin da ya riga ya sirance.

Taba, goro da sankarar baki

Taba, ko ta hayaƙi ko garin da ake haɗawa da kanwa a ƙunsa tsakanin leɓe da dasashi, tana cikin manyan abubuwan da ke hanzarta ciwon dasashi. Tana tsuke jijiyoyin jini, ta yadda dasashin mashayi ba ya zubar da jini ko da ciwon ya yi nisa, sai alamar gargaɗin ta ɓuya. Tana kuma jinkirta warkewar rauni bayan cire haƙori. Ita da barasa su ne kan gaba wajen jawo sankarar baki, wadda ake samun sabbin masu ɗauke da ita kimanin 380,000 a duniya kowace shekara, mafi yawansu manya. Najeriya tana da dokar taƙaita shan taba tun 2015. Wanda ya daina, ko a wace shekara, dasashinsa yana amfana kuma haɗarin yana raguwa sannu a hankali.

Goro yana rina haƙora, kuma sinadarin da ke cikinsa mai hana barci zai iya ƙara bugun zuciya ga mai hawan jini. Jan da yake bari yana iya rufe rami ko tsatsa har ba a gan su ba. Kurkure baki bayan cin sa yana rage tabon.

Duk gyambon baki da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, ko fari ko jan tabo da ba ya gogewa, ko ƙullutu a harshe ko wuya, ko dushewar murya da wahalar haɗiya da suka daɗe, suna bukatar likita ya gani ba tare da jinkiri ba, ko da babu zafi. Sankarar baki tana cikin waɗanda ake iya gani da ido tun suna ƙanana, kuma a lokacin ne magani ya fi cin ta.

Baki da sauran jiki

Ciwon sukari da ciwon dasashi suna ciyar da juna. Mai ciwon sukarin da bai daidaita ba ya fi sauran mutane haɗarin ciwon dasashi mai tsanani ninki biyu zuwa uku, kumburin dasashi kuma yana sa sukari ya ƙi sauka. Gwaje-gwaje sun nuna cewa yi wa dasashi magani yana ɗan sauke ma'aunin sukari na wata uku. Saboda haka dattijon da ke zuwa asibitin masu ciwon sukari ya kamata a duba bakinsa kamar yadda ake duba ƙafarsa da idonsa.

Wasu magungunan hawan jini da ake yawan bayarwa a Najeriya, kamar nifedifin da amlodifin, suna sa dasashin wasu mutane ya yi kauri ya hau kan haƙori, musamman idan akwai dauɗa. Mai shan maganin tsinka jini, kamar wafarin ko asfirin, da mai shan maganin ƙarfafa ƙashi, wajibi ne su sanar da likitan haƙori kafin a cire musu haƙori. Hanya mafi sauƙi ita ce a tafi da ledar magungunan gaba ɗaya.

Ga tsofaffi masu rauni da waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki, ƙwayoyin cutar baki suna iya bin yawu su faɗa huhu su jawo namoniya. Wani bincike da aka yi a gidajen kula da tsofaffi a Japan, wanda aka wallafa a 2002, ya gano cewa cikin shekara biyu kashi 19 cikin 100 na waɗanda ba a ba bakinsu kulawa ta musamman ba sun kamu da namoniya, alhali kashi 11 ne suka kamu cikin waɗanda ake goge wa baki bayan kowane cin abinci.

Haƙoran roba da haƙorin Makka

Idan haƙori ya fita aka bar giɓin, na kusa da shi sukan karkata, na sama ko na ƙasa da ke fuskantarsa ya zazzago, tauna ta lalace. Haƙoran roba suna maido da tauna da magana da siffar fuska, amma suna da sharuɗɗa. A cire su da dare don dasashi ya huta, a wanke su da burushi da sabulu a kan kwanon ruwa don kada su faɗi su fashe, a ajiye su cikin ruwa mai tsabta. Ruwan zafi yana lanƙwasa su. Kwana da su yana jawo kumburin ganɗa, yana kuma ƙara haɗarin namoniya ga masu yawan shekaru. Tun da ƙashin muƙamuƙi yana ci gaba da raguwa bayan rasa haƙori, wanda ya zauna daidai bana zai iya yin sako-sako bayan 'yan shekaru ya riƙa gurzar dasashi. Gyaransa aikin asibiti ne. Wanda ba shi da haƙori ko ɗaya ma yana bukatar goge harshe da dasashi kullum.

Haƙorin Makka, wato hular zinariya ko azurfa da alhazai ke sakawa, idan bai zauna daram ba yakan bar ɗan wuri a gindinsa inda abinci ke maƙalewa, haƙorin da ke ƙarƙashi ya ruɓe a ɓoye. Wari ko jini a gefensa dalili ne na zuwa a duba.

Zuwa asibiti kafin ciwo

Tsatsar da ta daskare sai wankin haƙori a asibiti ke fitar da ita. Akwai tsoron da ya yaɗu cewa wankin yana sassauta haƙora. Gaskiyar ita ce ciwon ne ya riga ya cinye ƙashi, tsatsar tana rufe ɓarnar, kuma barin ta yana ƙara ta. Shawarar likitoci ita ce dattijo ya je a duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara, mai ciwon sukari ko bushewar baki kuma duk wata shida. Ramin da aka gani da wuri ciko kawai yake bukata. A 2021 an saka wani ruwan magani mai azurfa da fuloraid a jerin muhimman magunguna na duniya, wanda ake shafawa a ruɓaɓɓiyar saiwa ya tsayar da ruɓewar ba tare da allura ko injin huda ba, duk da yana baƙanta wurin.

A cikin garin Bauchi, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yana da sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi da fuska, kuma nan ake turo manyan matsaloli daga sassan jihar. Ana kuma samun masu duba haƙori a asibitin ƙwararru na jiha da wasu asibitoci masu zaman kansu. Matsalar ita ce ƙarancin ma'aikata da taruwarsu a birni. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa yankin Afirka yana da likitocin haƙori kimanin uku ga kowane mutum 100,000, kusan kashi ɗaya cikin goma na matsakaicin duniya. A jiha mai ƙananan hukumomi 20, dattijon ƙauye sai ya haɗa kuɗin mota da na ɗan rakiya kafin na magani, shi ya sa da yawa ba sa zuwa sai fuska ta kumbura, lokacin da cirewa kaɗai ta rage.

Wannan giɓi ne masu cire haƙori a kasuwa da masu da'awar fitar da tsutsa ke cikewa. Babu tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta da sukari ne ke yin ramin. Kayan aikin da ba a dafa ba suna iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau, saiwar da ta karye a ciki kuma ta zama ƙurji. Ɗora ƙwayar asfirin ko ɗiga ruwan batir a kan haƙori yana ƙona dasashi. Kanumfari yana kwantar da zogi na ɗan lokaci, amma ramin yana nan. Kumburin da ya gangaro ƙarƙashin haɓa, tare da zazzaɓi ko wahalar buɗe baki ko numfashi, lamari ne na gaggawa da ke iya kisa cikin kwanaki.

Ta fuskar tsari, Najeriya ta ƙaddamar da manufar lafiyar baki ta ƙasa a 2012, da nufin shigar da ita cikin ayyukan asibitocin matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu wanda tsofaffi ke cikin waɗanda aka ambata, jihar Bauchi kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, BASHCMA. Yana da kyau iyali su tambayi irin aikin haƙorin da tsarin da suka shiga ya ƙunsa tun kafin bukata ta taso.

Rawar iyali

A Bauchi yawancin tsofaffi suna zaune ne tare da 'ya'ya da jikoki, kuma nan ne mafi yawan aikin yake. Amosanin gaɓɓai da makyarkyata da raunin gani da mantuwa suna hana dattijo goge baki da kyau, kunya kuma ta hana shi faɗa. Idan an naɗe mariƙin burushi da ƙyalle ya yi kauri, hannu mai ciwo zai iya riƙe shi. Wanda ke kwance a tayar da shi zaune, a goge masa da ɗan man da bai wuce ƙwayar wake ba, a share kumatu da harshe da tsumma mai tsabta, musamman ɓarin da ya shanye inda abinci ke taruwa bai sani ba. Tsohon da ya fara ƙin abinci, ko yana tauna da gefe guda, ko yana ramewa ba dalili, a duba bakinsa kafin a ce tsufa ne.

Japan ta nuna abin da ke yiwuwa. A 1989 ta fara gangamin da ta kira 8020, wato mutum ya kai shekara 80 da haƙora 20 nasa. A lokacin waɗanda suka cika wannan sharaɗi ba su kai ɗaya cikin goma ba. Binciken ƙasar na 2016 ya nuna sun haura rabi. Waɗanda suka cika shekara 80 a 2016 suna da shekara 53 lokacin da aka fara gangamin, abin da ke nuna cewa kulawar da aka soma a tsakiyar rayuwa tana haifar da sakamako.

Ana bikin ranar lafiyar baki ta duniya kowace 20 ga Maris, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na tsufa cikin ƙoshin lafiya. Ga magidancin Bauchi mai shekara 50 ko 60, abin da zai yanke hukuncin ko zai bukaci magogi nan gaba bai wuce abin da ke hannunsa yau ba: burushi da man fuloraid safe da dare, asuwaki a tsakani, rage sukari, barin taba, daidaita sukarin jini, da zuwa a duba baki sau ɗaya a shekara tun haƙori bai fara girgiɗi ba.